Awon da Kawu Ya Tafi da Shi

A shekarar da aka canza kuɗi, lokacin da mutum zai wuni a bakin banki ya koma gida hannu rabbana, a shekarar ne Allah Ya karɓi ran Kawuna, ƙanen mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya. Sanyi ya riga ya tafi, zafi bai gama sauka ba, ana shirin kama azumi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A ƙofar gidansa a unguwar Yindiski aka yi zaman makoki. Da yake babu kuɗi a hannun kowa, masu zuwa gaisuwa sai suka riƙa kawo abin da suke da shi, wannan kwanon gero, wancan ƙullin sukari. Tabarmi suka yi kaɗan. Na je rumfar aikinsa na kwaso guntayen soson katifa, na shimfiɗa wa dattawa. A kansu aka zauna har aka tashi makoki.

Ina gefe ina zuba ruwa a buta, ina jin abin da ake cewa.

Limamin unguwa ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a masallaci ba. Kullum yana ƙarshen sahu, can jikin bango."

Telan da yake ɗinka wa katifunsa riga ya ce, "Shekara da shekaru bai taɓa kawo mini soso mai karkataccen yanka ba."

Wani maƙwabci da bai daɗe da tarewa a unguwar ba ya danna sosan da yake zaune a kai, ya ce, "Wai da kansa yake yin wannan? Wallahi na ɗauka daga Kano yake sarowa."

Na kusa da shi ya ce, "A'a, haɗawa yake yi. Wasu ruwaye ne yake zubawa. Shi ne warin nan da yake yi."

"Allah Ya gafarta masa. Warin nan dai."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, sai kowa ya tuna inda yake, aka ɗaga hannu aka yi addu'a.

Amininsa bai zo ba sai ranar uku. Tsohon Bafillatani ne, dillali a kasuwar shanu. Kawu kuwa Babarbare, don haka tun suna samari wasa ne tsakaninsu, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Tsohon ya jingine sandarsa, ya zauna. Can ya ce, "To bawan nawa ya tafi, ko izinin ubangidansa bai nema ba." Babu wanda ya amsa masa, domin mai amsawar ne ba ya nan. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Maganar maƙwabcin nan ce ta tsaya mini a rai. Bai faɗa da mugunta ba. Amma na ga cewa in aka ƙara 'yan shekaru, abin da za a tuna game da Kawu shi ne ƙarshen sahu da wari. Ni da girmana na koyi rubutu, hannuna yana da nauyi, amma na fi shekara ashirin ina tsaye a gefensa. In ban rubuta ba, ban san wanda zai rubuta ba.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a wani kamfanin katifa a Kano, a ɗakin da ake haɗa sinadarai. Da aka rage ma'aikata ya dawo gida, ya kafa rumfa a bayan gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Ba son kaɗaici ne ya kai shi can ba. Sabon soso yana ɗaukar zafi a cikinsa bayan an zuba, yana iya kamawa da wuta, don haka ba a yinsa kusa da mutane. Kayan aikin ba su da yawa: babban akwatin katako da ake buɗe gefunansa, bokitin ƙarfe, injin juyawa da ƙaramin janareta, sikeli, da doguwar wuƙar yanka. Sai duro biyu na sinadarai, ɗaya na foliyol mai kauri kamar zuma, ɗaya na tidiyai mai yaji a ido da maƙogwaro. Sai wasu ƙananan jarkoki a kan kanta. Ɗaya daga cikinsu, mafi ƙanƙanta, ita yake ɗaure wa baki da leda biyu. A cikinta akwai sinadarin da ake kira amayin.

Ruwa ne kamar kowane ruwa a ido, amma ƙarninsa kamar kifin da ya kwana a rana. Ɗan kaɗan ake sawa. Da sirinjin allurar shanu yake aunawa, wanda amininsa ya kawo masa sabo daga kasuwa. A kan ƙusa yake rataye shi, sama da kan mutum.

Ranar da na fara zuwa aiki na tambaye shi amfanin wannan abu mai wari, tunda ko cikin cokali uku bai kai ba a bokiti guda.

Ya ce, "Ɗan Yaya, ka san dillali?" Haka yake kirana har ya bar duniya.

Na ce, "Na sani, Kawu."

"To wannan dillali ne. Ba saniyarsa ba ce, ba shi ne mai saye ba. Ga ruwan da muke sawa a haɗi, ga tidiyai. In ka bar su su biyu za su daidaita, amma sai sun gama jan rai, kafin nan kasuwa ta watse. Shi zai kamo hannun wannan ya sa a hannun wancan, iska ta fito, soso ya tashi. In an gama ya kaɗe rigarsa ya fita. Shi ya sa sabuwar katifa take wari kwana biyu. Dillalin ne yake fita."

Na yi dariya. Bai yi ba.

Ya ce, "A hali kuma ɗan'uwan kanwa ne. Ka ga yadda ake jefa 'yar kanwa a wake ya yi saurin nuna? In ta yi yawa fa?"

"Ya dagargaje."

"To ka gane rabin aikin."

Ɗaya rabin shi ne sinadarin wata jarkar, wanda ake kira sitanos. Amayin yana ɗaga soso, sitanos yana kama shi ya tsaya. In mai ɗagawa ya yi gaba, soso ya tsage a ciki. In mai kamawa ya yi gaba, ƙananan ƙofofin sosan su toshe, ya kasa numfashi, gobe a tarar ya motse. Duk aikin Kawu shi ne ya sa su biyun su iso lokaci ɗaya. Ya taɓa gaya mini cewa wani mai farar riga a ɗakin gwaje-gwajen kamfaninsu ya ce dangin amayin suna da yawa, kuma masu haɗa magani da masu haɗa fenti duk suna amfani da su don ingiza haɗi. Wannan magana tana yi masa daɗi. In ya ga ina shan ƙwayar ciwon kai sai ya ce, "Sha da ladabi. Wataƙila wani ɗan'uwansa ne ya yi dillancinta."

Aikina shi ne riƙe injin juyawa. Kafin a fara, sai Kawu ya ɗebi ɗan garin katako ya saki, ya ga inda iska take kaɗawa. Sai ya ce, "Koma can." Kullum ni yake sawa inda iska take fitowa, shi ya tsaya inda take zuwa. Shi yake zuba tidiyai, shi yake sunkuyawa a kan bokiti. Na daɗe ina ɗauka don ya fi ganin aikin daga wajen ne. Sai da tarinsa ya fara na gane.

In an juye haɗin a akwati sai mu ja da baya mu yi shiru. Ba ya son magana a lokacin. Da fari abin yana kwance a ƙasa kamar kunu. Sai ya yi fari, sai ya fara tasowa a hankali, yana hawa jikin katako har ya kai baki ya yi tozo. Sannan a jira. In haɗin ya yi daidai, sai ka ga ƙananan ƙofofi sun buɗe a samansa, ya saki iska, ya ɗan sauka kaɗan kamar mutumin da ya yi ajiyar zuciya. A nan ne Kawu yake cewa, "Alhamdu lillahi, ya numfasa." Daga nan za ka iya yi masa kowace irin magana.

Warin kuwa gaskiya ne. Ya shiga fatarsa, ya shiga gemunsa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ware masa igiyar shanya daban da bokitin wanka daban. Yakan yi wanka da sabulu sau biyu, ya shafa turare, amma in ya yi gumi sai ƙarnin ya dawo. Jikokinsa in sun gan shi sai su toshe hanci su ce, "Kaka ya zo da kifi!" Shi kuma ya ce, "Ku da ba ku iya share majina ba, har kun san wari?" Ya bi su da gudu, su watse suna ihu. Amma na lura ba ya ɗaukarsu a cinya sai ranar Juma'a, ranar da ba ma aiki. A masallaci ma ba wanda ya kore shi zuwa jikin bango. Shi ya zaɓi wurin, don mutum ɗaya kaɗai zai takura maimakon biyu. Abinci kuma a rumfa yake ci, shi da ni, wani lokaci shi kaɗai.

Da mahaifiyata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, bayanta ya fara yin gyambo saboda kwanciya. Kawu ya zo ya duba katifarta, ya danna. Washegari ya ce za mu zuba ƙaramin soso, ba na sayarwa ba. Ya canza awon komai. Na farko ya ce ya yi tauri. Na biyu ya tsage. Na uku ya daɗe yana murza shi da tafin hannu, sannan ya yanka, ya ɗora a kansa, ya ƙi bari in ɗauka, ya taka da ƙafa har gidanmu. Muka ɗaga ta muka shimfiɗa mata. Ta kwanta, ta lumshe ido.

Ta ce, "Auta, ashe kana da amfani."

Ya ce, "Yaya, sai yau kika sani?"

"Da ina ganin wari kawai kake sayarwa."

Shi ne karo na ƙarshe da na ji ta yi dariya. Bayan rasuwarta ya yi kusan mako yana zuwa rumfa ba ya tayar da janareta. Zama kawai yake yi a kan duro yana kallon gonaki.

Faɗa ɗaya na san ya yi mai tsanani, kuma da amininsa ne. Wata ranar kasuwa tsohon ya biyo ta rumfa da wani bijimi na mutane da aka ba shi ya sayar. Bijimin ba ya jin daɗi, ga magani a aljihunsa, amma ya manta sirinji. Kawu ya zagaya. Tsohon ya miƙa hannu ya sauke na kan ƙusa, ya ɗauraye da ruwan buta, ya yi wa bijimin allura. Yana mayarwa Kawu ya dawo.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Me ka yi?"

"Na ari kayan bawana. Ko ba ni na saya maka ba?"

"Ka san abin da nake aunawa da shi? Abin da in ya taɓa fata yake ƙonawa, shi ka tura a jikin dabbar mutane? Fita mini daga rumfa!"

Tsohon ya ja bijiminsa ya tafi, yana cewa a kan sirinjin da bai kai kuɗin goro ba aka kore shi. Shi a nasa tunanin rowa ce. Kawu kuwa ranar bai ci abinci ba. Kowace safiya sai ya aike ni kasuwa in leƙa bijimin daga nesa, kada in bari a gan ni. Wurin allurar ya kumbura, ya yi ruwa, daga baya ya warke. Duk da haka damina guda ba su yi magana ba. Sai bayan an yi girbi tsohon ya zo da sirinji biyu sababbi. Ya rataye ɗaya a ƙusa, ya sa ɗaya a aljihunsa, ya ce, "Wannan na bawa, wannan na ubangida." Kawu ya ce, "Ka rataye na ubangidan daidai." Ya tura masa kwanon abinci. Ba su sake tayar da maganar ba.

Na yi shekaru ina roƙonsa ya bar ni in auna amayin. Komai na aikin na iya, ban da wannan. Amsarsa ɗaya ce. "Wanda bai iya karanta layukan sirinji ba, ba ya taɓa shi. Tsakanin layi da layi akwai katifa goma." Ni kuwa ban yi boko ba, kuma ina jin kunyar zama a benci da furfura a gemu. Haka muka yi ta tafiya, har idonsa ya fara ba shi wahala. In mun wuni muna zubi sai ya ce yana ganin komai cikin wani shuɗin hayaƙi, kowane abu mai haske da zobe a kewaye da shi. Da can abin yana washewa kafin gari ya waye. Daga baya ya daina washewa sosai. Na ga yana kai sirinji dab da hancinsa yana ƙifta ido. A lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren unguwarmu.

Bai taɓa tambayata yadda karatun yake tafiya ba. Sai wata safiya a farkon sanyin shekarar da zai rasu, ya zuƙo amayin, ya miƙo mini sirinjin a gaban ido, ya ce, "Ina ya tsaya?" Na faɗa. Ya rage kaɗan. "Yanzu fa?" Na faɗa. Sai ya ce, "Wanke hannunka ka sa safar roba."

Sai na tarar karanta layi ba shi ne aikin ba. Awon ba ɗaya ba ne. Kowace safiya kafin ya taɓa komai, sai ya ɗora bayan hannunsa a jikin duron foliyol ya ɗan tsaya. Duk shekarun nan ina ganin yana yi, na ɗauka ɗabi'a ce kawai. Ashe da zafin duron yake yanke awon ranar. In duro ya yi sanyi, haɗin yana da nawa, sai an ƙara wa dillali. In ya yi ɗumi, a rage. Ya sa ni ma na riƙa ɗora hannu, in faɗi awon da nake gani, shi ya ce "ƙara" ko "rage". Tun yana gyara mini kullum, har ya koma gyara mini jefi-jefi. Kafin sanyin ya ƙare, in na faɗa sai ya gyaɗa kai kawai.

Wata rana na ce, "Kawu, na zafi fa? Da na damina?"

Ya ce, "Bari su zo."

"Ka gaya mini ko a baki, in riƙe."

"In na gaya maka yanzu, kunnenka ne ya ji. Hannunka nake so ya ji. Zafin ma ba iri ɗaya ba ne, na safe daban, na hantsi daban, kuma sitanos ma sai an taɓa shi. Gaggawar me kake yi, Ɗan Yaya? Ka jira shekara ashirin, wata biyu ne zai gagare ka?"

Ban ƙara tambaya ba. Gaskiya ya faɗa, wata biyu ba komai ba ne.

Ƙirjinsa ne ya tashi. Aka kai shi asibiti, numfashi yana yi masa wuya, magana sai ɗaya-ɗaya. Da na sunkuya kusa da shi, abin da ya ce shi ne, "Ka ɗaure bakin jarkar?" Na ce na ɗaure. Ya ce, "Leda biyu?" Na ce leda biyu. Ya gyaɗa kai. Washegari da hantsi ya cika.

Sadakar arba'in ta faɗo bayan ƙaramar Sallah, a tsakiyar zafi. Da aka watse, babban ɗansa ya ja ni gefe. Ma'aikaci ne a Damaturu, kuma taubashina ne, tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsokana.

Ya ce, "Taubashi, yau ba wasa. Filin rumfar nan gado ne. Akwai mai son saye, ƙannena kuma kowa da buƙatarsa. Amma mun yi magana. In aikin zai ci gaba ya riƙe Inna, za mu bar wurin yadda yake. Za ka iya?"

Na ce, "Na sanyi na iya."

"Ban gane ba."

Na yi masa bayani. Ya share gumi, ya kalli sama, ya ce, "To ai sanyi da saura. Mai sayen ba zai jira ba, Inna ma ba za ta ci jira ba. Kayan da suka rage za su yi zubi nawa?"

"Biyu."

"Mu gwada. Ni zan riƙe maka injin."

Muka je da safe. Aminin Kawu ya ji labari, ya zo ya zauna a gindin bishiya da sandarsa. Na ɗora bayan hannu a jikin duro. Zafi ne irin na bayan saniyar da ta wuni a rana, ban taɓa auna komai a kan irinsa ba. Na san ragewa ake yi. Nawa, shi ne ban sani ba. Na rage yadda na ga dama-dama. Na saki garin katako, na ce wa taubashina ya koma can. Muka juya, muka juye.

Bai tsaya yin fari ba ma sosai. Ya taso kamar abin da aka tsokana, ya wuce bakin akwati, sai muka ji wani sauti daga cikinsa kamar an yaga tsumma. Samansa ya rabe biyu.

Taubashina ya ce, "Haka yake yi?"

Daga gindin bishiya tsohon ya ce, "Haka yake yi in ya lalace. Bawana ma na sha ganin ya yi irin wannan, yana zagin iska da Barbarci. Kada ka damu, yaro." Ni da nake da jika, shi yake ce wa yaro.

Na biya ta gidan in gaya wa Inna. Tana zaune a tsakar gida, ba ta fita takaba ba. Na durƙusa daga nesa saboda ƙarnin amayin da ke jikina, na ce na farko bai yi ba, bari in je in yi wanka in dawo.

Ta ce, "Tsaya tukuna. Matso nan ka zauna."

Na matso. Ba ta tambaye ni komai game da soso ba. Ta juya fuskarta gefe, tana jan carbi, muka zauna haka. Da aka jima ta ce, "To, je ka yi wankan."

Na bar kwanaki suka wuce ina zuwa rumfa ni kaɗai, ina ɗora hannu a duro da safe da hantsi, ina ƙoƙarin tuna inda babban yatsan Kawu yake tsayawa a jikin sirinji a irin wannan lokaci. Na tuna rigarsa, na tuna tarinsa, na tuna yadda yake karkata kai. Layin ne ban tuna ba, domin a shekarun da nake kallo, layukan ba sa ce mini komai.

Ranar zubi na biyu muka fita tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Na rage amayin sosai, fiye da na farko. Haɗin ya kwanta, ya yi fari, ya fara hawa a hankali, lafiya lau, har ya kai baki ya yi tozo mai kyau, sumul, babu tsaga ko ɗaya.

Taubashina ya daki kafaɗata. "Kai! Ɗan mace ya yi abin kai! Ai shi ke nan!"

Na ce ya yi shiru. Na tsaya ina kallon saman sosan. Na jira. Tsohon ya taso daga gindin bishiya ya tsaya kusa da ni, shi ma ya san abin da ake jira. Ƙofa ko ɗaya ba ta buɗe ba. Sosan ya tsaya cak, yana sheƙi.

Da gari ya waye muka buɗe akwatin. Gefunansa huɗu sun shige ciki kamar cikin saniyar da ta sha rani. Taubashina ya danna da yatsa, wurin ya daɗe bai dawo ba. Ya dubi wannan, ya dubi tsagaggen da ke jingine a bango.

Ya ce, "Ke nan awon yana tsakanin biyun."

Na ce, "Yana tsakani."

"Kuma ba mu da na uku."

"Ba mu da shi."

Ya zauna a kan duro. Ya ce, "Ka yafe mini, Yaya." Bai taɓa kirana Yaya ba sai ranar. Na ce babu abin yafewa, haƙƙin marayu ne da na Inna. Kafin damina ta sauka aka sayar da filin. Yanzu ina shagon telan nan, ina yanka masa sosan da ake kawowa daga Kano.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba shi iska mai daɗi a inda ya je, Ya haɗa shi da Yayarsa a gidan rahama.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar lissafi. Inna ta rasa miji. Mutum biyar sun rasa uba. Wani tsoho a kasuwar shanu ya rasa wanda zai tsokana. Rumfa ɗaya ta tafi, da akwati ɗaya da aka farfasa aka yi benci. A garin nan mutum ɗaya na sani da yake zuba soso da hannunsa, yanzu babu. Awo uku ya sani, na sanyi da na zafi da na damina. Biyu sun tafi tare da shi. Ɗaya yana wurina, ba ni da inda zan zuba shi.